Ranar da Aka Yi wa Babura Hisabi

Ranakun aiki da yawa sun shige mini duhu tun da na yi ritaya, amma ranar da Hanyar Marina ta koma wayam da rana tsaka tana nan daram a kaina. Ku da kuke karɓar ɗalibai 'yan aiti yanzu, kuna ta mita wai ba su iya komai ba, ku gyara zama ku ji nawa. Nawa sun iya. Iyawar ce ma ta kusa sa mu yi asarar hanya sukutum.

Lokacin jiharmu ba ta wuce 'yan shekaru da rabuwa da Sakkwato ba, kuma daminar farko ke nan bayan ƙaddamar da shari'a. Ina ofishin shiyya na Ƙaura Namoda, mai duba har Shinkafi da Zurmi, a matsayin mataimakin jami'in tsara gari. Sunan yana da nauyi a baki, amma ma'anarsa ita ce duk aikin da ke cikin rana nawa ne, wanda ke ƙarƙashin fanka kuma na Oga. Ofishin ɗaki biyu ne, da teburin zane guda da muka gada daga Sakkwato, ƙafarsa ɗaya bulo ce.

Sai saƙo ya zo daga hedikwata a Gusau cewa a wannan shekara hanya ɗaya tak za a yi wa kwalta da kwalbati a cikin gari, a zaɓa tsakanin Hanyar Kwatas da Hanyar Marina. Ta Kwatas ita ce ta bi ta gidajen ma'aikata, shimfiɗaɗɗiya, ba abin da ke damunta sai rashin kwalta. Ta Marina kuwa ita mutanen wajen Banga ke biyowa da hatsinsu zuwa kasuwa, kuma akwai wani kwari da ya yanke ta gida biyu. Da rani a gangara a haye, da damina a tsaya a yi ta kallon ruwa. Ni dai raina yana kan Marina, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma Gusau ba ta tambayi raina ba, ta ce a yi ƙidayar ababen hawa, wadda aka fi bi ita ta ci, kuma rahoto ya iso kafin ƙarshen wata.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙidayar ba wani abu ba ce mai wuya. Mutum zai zauna bakin hanya tun hantsi har la'asar sakaliya, da takarda mai gurabe a hannu: gurbin ƙananan motoci, na manya, na babura, na kekuna, na amalanke, na dabbobin kaya. Duk abin da ya gifta gabanka sai ka ja masa sanda ɗaya a gurbinsa. Ba ruwanka da suna, ba ruwanka da lamba. Sharaɗin kawai shi ne ranar ta zama irin ranakun da aka saba, mutane su yi zirga-zirgarsu yadda suke yi kullum. Irin aikin da ake ba ɗalibai ke nan, don yana koya wa mutum haƙuri da zama a rana.

A shekarar kwaleji ta turo mana ɗalibai biyu horon sanin makamar aiki, abin da suke kira aiti. Akwai Bashar, ɗan Zurmi, wanda kowa ke ce wa Ustaz. Dogo ne siriri, kullum cikin farar jallabiya da ɗangalallen wando, ga alƙaluma jere a aljihun ƙirji. Ya yi karatun islamiyya mai zurfi kafin ya shiga boko, kuma yana son Larabci so mai tsanani. Ofis a bakinsa maktab ne, taswira kuma khariɗa. In ka miƙa masa shayi sai ya yi maka addu'ar da shayin zai huce kafin ta ƙare. Amma yaron kirki ne, kuma ban taɓa ganin mai tsoron ƙarya kamarsa ba. Sai Hadiza, 'yar Shinkafi, ɗiyar wani direban babbar mota. Ita Allah ya ba ta kai, ya kuma ba ta baki, Ustaz ne ya fi kowa sanin haka.

Na ajiye Hadiza a Hanyar Kwatas, na kai Ustaz Marina, na samo masa benci ƙarƙashin wata darbejiya kusa da kwarin. Da na bar shi hanyar cike take, babura sai wucewa suke yi, hannunsa ko hutawa ba ya yi. Na koma ofis raina fes, ina cewa a zuci Marina ta ci an gama.

Bayan azahar na leƙa in ga yadda ake ciki. Na tarar da hanya kamar an share ta. Ustaz yana zaune ƙyam a benci, alƙalami a hannu, yana kallon wata akuya da ke tsallakawa yana tunanin ko tana cikin dabbobin kaya. Na tambaye shi ina mutane, ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai, tun wajen hantsi suka fara raguwa har suka ɗauke ɗif. Na garzaya Kwatas, na tarar Hadiza ta cika takardunta har tana rubutu a gefe. Babura, amalanke, jakuna, duk sun yi dafifi a hanyar da a kullum ba ta ganin komai sai motocin ma'aikata.

Sai in tuna muku yadda gari yake a lokacin. An hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata a babur, motocin da aka kawo don mata kuma ba su wadata ba, don haka akwai masu ɗauka a sace ta lungu. Ga kuma 'yan agaji masu sa ido, waɗanda mutane suka fara kira 'yan hisba. Kowa yana taka-tsantsan, har wanda bai yi komai ba yakan waiwaya.

Hadiza ce ta warware mana. Wata mai waina da ke kusa da ita ta ba ta labari, ba ta san tare suke da Ustaz ba. Da yamma Hadiza ta shigo ofis tana dariya har sai da ta dafa ƙofa. Ta ce mini, Yallaɓai, a tambayi Ustaz abin da ya faɗa wa mutane yana yi.

Ustaz ya ce shi bai faɗi komai ba sai gaskiya. Wani ɗan kabu-kabu ne ya tsaya ya yi masa sallama, ya tambaye shi aikin me yake yi.

"Nac ce mashi hisabi nika yi."

Na ce, hisabin me?

"Na babura da motoci. Sai yat tambaye ni ko kowa nika rubutawa. Nac ce mashi babu wanda za ya wuce ban rubuta shi ba, ƙarami da babba."

Na riƙe kai. Shi kuwa ya shiga yi mini bayani cewa a Larabci hisabi lissafi ne kawai, har yana neman kawo mini asalin kalmar. Na ce masa, Ustaz, nan ba Makka ba ce, Ƙaura ce. A nan hisabi shi ne abin da za a yi mana ranar alƙiyama, wanda kuma kunnensa bai ji da kyau ba hisba ya ji. Ga ka da farar jallabiya, ga gemu, ga alƙalami. Ko ni ne a kan babur sai na sake hanya.

Kafin magariba labarin ya yi ƙiba. An ce lambar babur yake ɗauka. An ce duk wanda aka rubuta bulala ce ranar Juma'a. An ce ma wani ya ga sunansa da idonsa, alhali takardar ba komai a cikinta sai sanduna. Masu ɗauko matansu na aure suka kauce, waɗanda ba su taɓa ɗaukar mace ba suka kauce, har masu jakuna suka kauce, ban san laifin da suke zargin jakunan da shi ba.

Shugaban shiyya, wato Oganmu, ya yi dariya har da hawaye. Da ya share ido sai ya ce mini takardar da ke hannu ita za a aika in ba a samo wata ba, kuma wata yana ƙarewa. A nan dariyar ta bar ni. In aka aika wannan, Marina ta faɗi warwas, kuma ba wanda ya san shekarar da za a sake waiwayarta.

Washegari da sassafe na tafi tashar 'yan kabu-kabu wurin shugabansu, Ciyaman Ɗan Jumma, wani gajere mai faɗin ƙirji da ba ya rabuwa da baƙin tabarau. Da farko ya nuna bai san zancen ba. Ya ce yaransa iskar Kwatas ce ta yi musu daɗi. Na zauna a bencinsa na yi masa bayani dalla-dalla: yaron ɗalibi ne, ba ɗan hisba ba, ba ya ɗaukar suna, kuma sandunan da yake ja su za su kawo kwalta. Ya cire tabarau, abin da aka ce bai cika yi ba. Ashe ƙanensa a wannan kwarin ya karye a ƙafa daminar da ta wuce, har lokacin yana ɗingishi.

"Yallaɓai, kana nuhin da hannunmu munka ɗauki kwalta munka kai ƙohwar masu motoci?"

Na ce masa haka nake nufi, amma za a sake ƙidaya, su dai su koma hanyarsu. Ya ce in bar masa sauran. Da na san abin da yake nufi da sauran, da ban bar masa ba.

Ranar da aka sake, Hanyar Marina ta koma filin biki. Duk wani babur da ke Ƙaura ya fito, har waɗanda sai an tura suke tashi. Su gangara kwari, su haye, su juyo, su sake gangarawa, kowa yana ɗaga wa Ustaz hannu don kada a manta da shi. Akwai wani mai jan babur da ya ga ya wuce da yawa, sai ya riƙa sauya hula. An samo wani raƙumi aka yi ta kai da kawowa da shi har ya gaji ya durƙusa a tsakiyar hanya, ya ƙi tashi. Ciyaman yana tsaye kan tudu yana ba da hannu kamar ɗan sandan kan titi.

Ustaz ya yi ta jan sanduna har ya gane abin da ake yi. Sai ya rufe alƙalaminsa, ya mayar aljihu, ya taho wurina fuska a murtuke. Ya ce shi ba zai sa hannu a shaidar zur ba, ko da kwaleji za ta mayar da shi baya. Gaskiya na so in ce masa ya rufe ido, don lambar ta yi kyau, kuma hanyar da nake so ce. Amma yaron yana da gaskiya, ƙa'idar aiki ma tana bayansa. Na yage takardar a gaban Ciyaman.

Ranar na sha faɗa. Ya ce ba su zo ba an ce sun yi kaɗan, sun zo an ce sun yi yawa, ga man da suka ƙona, ga raƙumin mutane da aka gajiyar. Ya ce in faɗa masa ƙarara yadda gwamnati ke so su yi. Na ce su yi harkarsu kamar ba wanda ke kallonsu.

"To ai wanga shi ɗai na ba a iya yi da gangan, Yallaɓai," in ji shi. Ya mayar da tabaransa ya tafi.

Na roƙi Oga ya ba ni dama ta ƙarshe, ranar kasuwa, ba tare da an sanar da kowa ba. Ya yarda, ya ce shi da kansa zai ƙirga ta Kwatas daga barandarsa, tunda gidansa a kan hanyar yake. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, amma ba a musu da mai sa hannu. Mu kuma muka sami wani tela mai shago da tagarsa ke kallon kwarin. Na sa Ustaz ya cire jallabiya ya sa wata tsohuwar taguwa, ya zauna bayan keken ɗinki. Hadiza ta zauna gefe kamar mai jiran ɗinki, tana ta ce masa tela ya yi sauri, biki ya matso.

Muna zama, tun Ustaz bai ja ko sanda ɗaya ba, hadari ya haɗo daga gabas. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin ya tsagaita kwarin ya cika ya batse, jan ruwa yana gudu da karan dawa da tsummoki. Ba abin da ya haye. Na dubi takardar Ustaz fara fat, na ji zuciyata ta karye. Can Oga yana baranda da shayinsa yana jan sanduna, mu nan ruwa muke ƙirgawa.

Amma mutane suna ta isowa. A-kori-kura cike da buhunan gero, amalanken shanu, babura, masu jakuna, suka yi cirko-cirko a gaɓa biyu suna jiran ruwa ya janye. Sai na ga Hadiza ta juya takardarta ta fara ja wa masu jiran sanduna a baya. Na ce mata ba gurbin masu tsayuwa a takardar. Ta ce ai shi ya sa ta juya bayan takardar. Na bar ta ta ci gaba.

Ana cikin haka sai ga Inna Ige, ungozomar unguwar, tsohuwa 'yar firit da ƙullin kayanta a ka. An aiko mata wata na naƙuda a ƙetare, can bayan gari wajen gonaki. Ruwan ya kai cinyar namiji, ita kuwa ko gwiwa ya kai mata sai ya tafi da ita. Ta ratsa taron ta tsaya gaban Ciyaman, wanda shi ma ruwan ya tsare. Ta ce ya ɗora ta a babur a tura ta, in an haye ya kai ta, haihuwa ba ta san ana ruwa ba.

Ciyaman ya kama kan babur, sai ya waiwaya yadda kowa ya saba waiwayawa a lokacin. Idonsa ya faɗa kan Ustaz, wanda ya fito daga shago da takarda a hannu, ya manta ɓuya muke yi. An faɗa musu ba ɗan hisba ba ne, sun kuma yarda, amma malami da alƙalami a hannu, ga mace za ta hau babur a gaban jama'a, sai jikin kowa ya yi sanyi. Na ga hannun Ciyaman ya saki kan babur ɗin.

Ustaz ya matso. A karo na farko tun da na san shi, ya yi magana ba Larabci ko ɗaya sai wanda kowa ya sani.

"Ciyaman, wagga larura ce, ɗauke ta. Ni babur nika rubutawa, takardata ba ta da wurin wanda ke bisa."

Ya miƙa wa Hadiza takardar, ya tuɓe takalmi ya shiga ruwa. Aka ɗora Inna, aka kashe inji, Ciyaman a gaba, Ustaz da wasu samari a baya da gefe, rabi turi rabi ɗauka. Ita kuwa tana bisa tana ta yi musu faɗa, wai su yi a hankali kada su jiƙa mata kaya, wai dogon nan na baya ba ya da ƙarfi, da gani ba ya cin tuwo. A tsakiya ruwa ya kusa kwashe ƙafar Ustaz, na saki salati da ƙarfi, don ɗan mutane ne aka ba ni amana. Allah ya sa suka haye. Babur ya yi tari, ya yi tari, ya tashi. Ciyaman ya ja ta suka ɓace cikin gonaki.

Ustaz ya dawo jiƙe sharkaf yana rawar ɗari. Ya goge hannu a labulen tela, ya karɓi takardarsa, ya ja sanda ɗaya a gurbin babura. Har la'asar ita kaɗai ce a shafin.

Na rubuta rahoto yadda abin ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ranar kasuwa babur ɗaya ya haye Hanyar Marina, shi ma a hannun mutane, na faɗi wadda ke kai da abin da ya fito da ita. Na maƙala bayan takardar Hadiza, na ce waɗannan su ne suka zo hayewa suka kasa. Oga ya ajiye tasa takardar cike da sanduna kusa da tamu, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ɗauki jan biro ya rubuta a ƙasa cewa shi mazaunin Kwatas ne, kuma bai taɓa kwana a waje don ruwa ba, saboda haka a dubi Marina. Ya sa hannu.

Gusau ta yi abin da ta saba, ta raba gardama. Kwalta ta tafi Kwatas, don lamba lamba ce. Amma kwalbati ya zo Marina, babba mai baki biyu, aka gama shi kafin damina ta zagayo. Na ji haushin kwaltar, ban ɓoye ba. Ciyaman ne ya ba ni haƙuri, ya ce su laka ba ta taɓa hana su neman abinci ba, ruwan ne. Ya kuma gaya mini matar ta sauka lafiya, namiji, kuma Inna Ige ta ce a faɗa wa dogon nan ya riƙa cin abinci. Na sa wa ɗaliban nan biyu hannu a takardun kammala horonsu da farin ciki, duk da na rubuta wa Ustaz shawarar ya riƙa yi wa jama'a magana da harshen da suke sayen goro da shi.

To, ku masu karɓar ɗalibai, abin da na ɗauka daga wannan ba shi da yawa. Kafin ka tura yaro bakin hanya, ka zaunar da shi ka ji da bakinsa abin da zai ce in an tambaye shi, don mutanenmu ba sa ganin mai rubutu su wuce ba su yi masa fassara ba. Sannan ka sani takardar ƙidaya wanda ya wuce kawai take gani, ba ta ganin wanda ya zo wucewa ya kasa, kuma sau da yawa don shi ake yin aikin. Shi ya sa har na bar ofis, in ɗalibi ya kawo mini shafi fari, ban taɓa yanke cewa ba a bin hanyar ba. Takalmina nake sawa in je in ga su wa ke tsaye a bakin ruwa.